Waƙar Kakanki da Gawar Baba Depite

Zuwa ga 'yata Saratu,

Ina gaishe ki da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya sa kin sauka Sokode lafiya, ya sa motarku ba ta gamu da masu tare hanya ba, na kaki ko na duwatsu. Allah ya tsare ki a ɗaki, ya tsare ki a titi, ya sa wa sabon aikinki na asibitin haihuwa albarka. Ki gaishe mini da Hajiya Asabe da dukan mutanen gidanta na unguwar Didaure, ki ce mata na gode da ɗakin da ta ba ki. Ƙanenki Bulus yana gaishe ki.

Na zauna rubuta wannan ne don ni da ke ba ma iya magana baki da baki. Bakinmu iri ɗaya ne, kafin ɗaya ta kai ƙarshen zance ɗayar ta riga ta hau sama. Kin tafi ba mu yi sallamar kirki ba, kina ɗaure kaya kina huci, ni kuma ina tsaye a ƙofar madafa ina zazzaga miki faɗa kamar ba ni na haife ki ba. Raina bai kwanta ba tun da motar nan ta tashi. Takarda dai ba za ki iya katse ta ba, sai ki yi haƙuri ki karanta har ƙasa.

Ga abin da ke gabanki, bari in faɗe shi yadda na gane shi. Baba Depite, tsohon ɗan majalisarmu, ya rasu a asibiti a Lome. Za a hauro da gawarsa nan Dapaong a binne, amma za a tsaya da ita a majami'ar Sokode a yi masa sujada, tunda can ma shi ya yi musu rufin majami'ar. Faston can ya ji cewa 'yar Rifkatu mai waƙa za ta zo gari, ya aiko cewa ke za ki ja waƙa. Mutanen jam'iyyarsa suna so ki yi waƙar nan da kowa ya sani, mai sunansa a ciki. Abokanki matasa kuma suna so ki karɓi makirfo ki faɗa wa duniya abin da ya yi wa babanki. Ke da bakinki kika ce mini idan makirfo ya shiga hannunki za ki sanar da su inda yake yanzu, wato wuta. Kika kuma ce ni na wanke shi, tunda ana yawo da maganata a kasuwa cewa ya tuba kafin ya mutu. Wannan ta yi mini zafi, shi ya sa na yi ihu. Amma ba ƙarya kika yi ba gaba ɗaya, kuma zan zo kanta.

Bari in fara da waƙar, don ke kin tashi kin tarar da ita a lalace, ba ki san yadda take da farko ba.

Kakanki ne ya yi ta. Mai bishara ne a Gando, lokacin da ikkilisiyarmu ba ta wuce rumfar kara ba, masu sujada kuwa 'yan gidanmu ne da waɗansu makiyaya da manoma da suke jin Hausa. Ba shi da wata murya, Allah ya jiƙansa, amma yana da kunne. Yana gyaran keke yana ƙirƙira ta, baiti bayan baiti, ni kuma ina ƙarama ina ɗauka. Farkonta ke nan: "Yesu Mai Ceto, inuwar matafiyi, rijiyar rani wadda ba ta ƙafewa." Duk inda aka yi biki ko jana'iza a cikin masu bi na yankinmu, ita ake yi. Ba a littafi take ba, a bakin mutane take.

Bayan na auri babanki muka dawo Dapaong, lokacin jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasa. Ke ba ki ga zamanin nan ba. Idan babban mutum zai zo gari, sai a tara mata da 'yan makaranta a ɗinka musu anko, su yi ta rawa da waƙa a rana, abin da ake kira animasiyo. Aka ce kowace unguwa ta kawo waƙarta don tarbar Baba Depite, wanda yake wakiltarmu a majalisa, kuma ɗan ikkilisiyarmu ne, a kujerar gaba yake zama. Matan zango suka taru suka rasa abin yi, sai aka ce ai ga Rifkatu. Ba wanda ya ɗora mini bindiga, Saratu. Na zauna a kan turmi ina ta gwada kalmomi, sai na ji "Baba Depite" ya zauna daram a gurbin "Yesu Mai Ceto", ko numfashi ba sai na canja ba. Na yi dariya, na ce kai, aiki ya ƙare. Ko minti ɗaya ban tsaya na ji tsoro ba.

Ranar tarbar na ja, mata suka amsa, filin ya ɗauka. Na ji muryata tana fita daga lasifika tana dawowa daga bangon kasuwa, kuma tsakani da Allah na ji daɗi. Abin da ya ci ni ke nan, ba atamfar da aka raba ba. Shi kuwa ya tashi daga kujera ya ɗaga mini hannu. Ya san waƙar sarai, ya sha yin ta a majami'a, ya san sunan wa aka cire. Bai ce a daina ba, ni ma ban daina ba. Kafin damina ta zagayo an ɗauke ta a kaset, direbobi suna sa ta daga nan har Sokode, yara suna yin ta a hanyar rijiya.

Labari ya kai Gando. Kakanki bai aiko a kira ni ba, sai da na je gaishe shi. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya tambaye ni ko mutumin nan zai iya ɗaukar abin da na ɗora masa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni a lokacin na ɗauka tsufa ne, har na ba matan zumunta labari muna dariya.

To ki ji. Duk wanda ya ce ki ba mutum yabon da na Allah ne, ko da wasa, ko don a rabu lafiya, kada ki yarda. Ba Allah kaɗai ake yi wa laifi ba, shi mutumin ma cutarsa ake yi. Ni na ga yadda Baba Depite ya canja. Da farko mutum ne mai tsayawa a hanya ya tambayi lafiyar yara. Da aka yi shekaru ana gaya masa shi ne rijiyar da ba ta ƙafewa, sai ya yarda. Ba na ce waƙata ce ta mayar da shi abin da ya zama ba, shi ma da tasa zuciyar. Amma ina cikin waɗanda suka yi ta zuba masa. Kuma ki kula da muryar nan taki. Tawa ce kika gada, na san halinta, tana son a tafa mata.

Sai zamanin jam'iyyu da yawa ya zo. Nan kam kina da wayo, kin ga wani abu. Malaman makaranta suka shiga yajin aiki, babanki yana cikinsu. Shi ba mai hayaniya ba ne, ke ma kin sani, amma idan ya ce a'a to an gama. Aka aiko masa ya buɗe aji ya ƙi. Da rana tsaka yaran jam'iyya suka tare shi a bayan tasha, suka yi masa dukan da har ya mutu kunnensa na dama bai sake ji ba, ciwon kai kuma bai rabu da shi ba. Waɗanda suka kwaso shi sun ce yaran suna dukansa suna waƙa. Ba sai na faɗa miki wace waƙa ba. Motar da ta kawo su kuwa kowa a garin nan ya san ta wace ce. Ko shi ya ce a yi, ko ya ji ya kawar da kai, ban sani ba har yau. Abin da na sani, bai taka ƙafarsa gidanmu ya ce sannu ba, ranar Lahadi kuma ya zo ya zauna a kujerarsa ta gaba ya sa kuɗin baiko.

Daga nan na faɗa ramin da ya fi na farko zurfi, kuma wannan na ja ki ciki. Na fita daga ƙungiyar mawaƙa, na koma kujerar baya. Mutane suka ce baƙin ciki ne. Ni kuwa zama nake ina kallon ƙeyarsa, fasto yana wa'azi ina lissafa masa zunubai. Idan ya tashi cin jibin Ubangiji sai in zauna, wai ba zan haɗa ƙoƙo da shi ba. Dubi wauta, shi yana ci, ni ina hana kaina. Na yi addu'a Allah ya kashe shi, ba sau ɗaya ba, kuma da kalmomi masu kyau na yi ta, irin na cikin sujada. A gida kuma ba ki da abincin dare sai labarinsa. Idan kin ji kanki yau kina rabon wuta, daga bakina kika koya. Shi ya sa da kika faɗa ranar nan na ji kamar ni ce nake magana, kuma abin ya ba ni tsoro.

Babanki bai bi ni ba. Bai taɓa cewa ya yafe ba, kada in yi masa ƙarya, amma bai zauna a kan maganar ba. Idan motar jam'iyya ta wuce da lasifika sai ya juya mata kunnen da ya mutu, ya ce ai sun yi masa gata, rabi kawai yake ji. Abu ɗaya ya roƙe ni, a shekarunsa na ƙarshe, in zo gefensa na hagu in yi masa waƙar kakanki yadda take. Na ce masa waƙar nan ta mutu, kada ya sake ambata mini ita. Ya roƙa ya sake roƙa, daga baya ya bari. Ya tafi bai ji ta ba. Wannan abin yana cina fiye da yadda zan iya rubutawa.

Akwai kuma abin da na hana ki sani, don ba na so in ba mutumin nan ko ɗan wannan yabon. Kina ƙarama, kin fara tafiya ke nan, sanƙarau ya kama ki muna Gando wurin kakanki. Wuyanki ya sandare, idonki ya juye, ruwa kuma ya cinye hanya, ba motar haya da za ta shigo. Baba Depite yana garin ranar, ya zo duba famfon da ya sa aka haƙa. Ya ji kukana, ya sauko da mutanensa daga motarsa, ya ce direba ya kai mu asibiti, shi ya kwana a Gando a kan tabarma. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da ba a yi maganarki. Motar da ta kai ki asibiti da wadda ta kai yaran nan bayan tasha, gida ɗaya suke kwana. Na daɗe ina so ɗaya ta share ɗaya, ta ƙi.

Don haka ina gaya miki, kada ki rage labarin mutum don ya yi miki daɗin riƙewa. Mutanen jam'iyya za su tsaya su ce rufi, su ce famfo, su ce yaran da ya biya wa makaranta, kuma duk gaskiya ne. Abokanki za su ce duka, su ce waɗanda suka gudu ƙetare ba su dawo ba, su ma gaskiya ne. Kowane ɓangare yana so ki ɗauki rabi ki yar da rabi. Ke mai bi ce, ki riƙe duka biyun ko da sun yi miki nauyi. Kuma ƙiyayya, na gwada ta na ga iyakarta. Shi bai rame ba, ni ce na yi shekaru ina zuwa majami'a ba na sujada.

Yanzu maganar da kika jefe ni da ita.

Kafin a kai shi Lome ya kwanta a gidansa na nan, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ba ta fita. Matarsa, wadda muke kira Madam, ta aiko a kira ni. Ba tausayi ya kai ni ba, kada ki ɗauka uwarki ta zama waliyya. Na je ne in gan shi a ƙasa. Na kuwa gan shi, tsoho a kan katifa, an ɗaura masa zane, ana share masa yawu. Na jira daɗin da na yi shekaru ina jira, bai zo ba.

Madam ta ce matan jam'iyya suna zuwa su yi masa waƙarsa don su ƙarfafa shi, amma da sun fara sai ya riƙa dukan katifa da hannunsa mai lafiya yana gurnani. Ita a ganinta muryarsu ce ba ta yi masa ba, mai waƙar yake so. Na ce a raina to, yau zan yi ta yadda ubana ya yi ta, a gabansa, ya ji. Na buɗe baki. Saratu, sunansa ne ya fito. Harshena ya riga ya saba, ya bi tsohuwar hanya ba da izinina ba. Ya runtse ido ya doki katifa. Kunya ta rufe ni, na tsaya, na sake ɗauka a hankali da sunan Yesu. Hannun ya kwanta. Na yi baiti na farko, na yi na biyu, leɓensa yana motsi. Hawaye yana zuba, amma idon nan na ɓarin da ya shanye tun shigowata yake zubar da ruwa, ba zan ce kuka ba ne.

Da na gama na matsa kusa na ce, "Ka tuna da mijina?"

Ya dube ni. Ya yi wani sauti, ya sake yi. Ko "i" yake cewa, ko gafara yake nema, ko ruwa yake so a ba shi, Allah ne ya sani. Na jira, bai ƙara ba, barci ya ɗauke shi. Iyakar abin da na gani ke nan, ban rage ba ban ƙara ba.

A bakin ƙofa Madam ta kama gefen zanena. Tsohuwa ce, ta rame, ita ba ta taɓa dukan kowa ba. Ta ce, "Rifkatu, ke kin san abin Allah. Ya tuba ko?" Na ce mata ya tuba. Tausayinta na ji, kuma so nake ta sake ni in tafi gida. Kalma biyu, ban ɗauke su bakin komai ba. Ga shi yau an ɗora su a kai ana talla, wai matar malamin da aka daka ma ta shaida ya mutu cikin tsarki. Na ji an ce har a jawabin jana'iza za a sa.

Bayan tafiyarki na ɗauki mayafi na koma wurinta. Na ce mata abin da na faɗa ranar nan ban san shi ba, ta yafe mini. Na zaci za ta kore ni. Sai ta ce to ita me za ta riƙe. Na ce ta riƙe jinƙan Allah, ya fi maganar Rifkatu ƙarfi, don Rifkatu ko waƙar ubanta ba ta iya riƙewa ba. Muka yi addu'a tare. Ban sani ba ko za ta hana a sa maganar a jawabi, mai yiwuwa ma ba a hannunta abin yake ba. Na faɗa wa fastonmu shi ma.

Kin ga, sau biyu na shiga aikin da ba nawa ba. Na yi shekaru ina sa shi a wuta, rana ɗaya kuma na buɗe masa sama don tsohuwa ta daina kuka. Duka biyun ƙarya na yi, domin ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Mu abin da aka koya mana, rufin majami'a ba ya sayen ceto, ko da ya rufe kowace majami'a daga nan har bakin teku. Kuma ba laifin da ya fi ƙarfin jinin Almasihu, har da abin da aka yi wa babanki, ko da yake rubuta wannan yana yi mini ɗaci. Abin da ya wuce tsakanin mutumin nan da Mahaliccinsa a kan katifar nan, ba a kira ni shaida ba. Idan ya sami jinƙai, ta ƙofar da ni ma nake sa rai ya same shi. Idan na ce a rufe ta, ban san ta inda zan bi ba.

Hajiya Asabe ta taɓa yi mini tsiya a kan wannan. Ta ce su idan mutum ya mutu da safe, kafin la'asar sun kai shi, sun roƙa masa gafara, sun bar shi da Mai shi. Mu kuwa sai mu sa gawa a ƙanƙara mu yi makonni muna gardama a kanta. Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mini. Ki girmama matar nan, ki rage murya lokacin sallarsu, kada ki kawo mata taron abokanki cikin gida, don idan jandarma suka zo ita za su tambaya.

Kada ki ji ni ba daidai ba. Ban ce ki rufe baki a kan abin da aka yi wa babanki ba. Duk wanda ya tambaye ki, ki faɗa masa dalla-dalla, da rana, ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Idan Allah ya kawo ranar da za a zauna a bi kadin abubuwan da aka yi a ƙasar nan, ki je ki faɗa, ni ma zan je ko da sanda. Abin da mutum ya aikata a duniya, 'yan duniya suna da ikon tambaya. Inda ransa ya tafi ne ba namu ba.

To me za ki yi ranar sujadar? Ke ba yarinya ba ce, kina karɓar haihuwa da hannunki, ba zan ɗaure ki ba. Idan kin ga ba za ki iya ba, ki je wurin fasto tun da wuri ki ce ya nemi wata, ba zan ga laifinki ba ko kaɗan. Abu biyu kawai na hana ki, da ikon nonon da kika sha. Kada ki sa sunan mutum a waƙar nan. Kada kuma ki tsaya a gaban bagade ki yanke wa matacce hukunci.

Amma idan kin tambaye ni abin da nake so, ina so ki ja ta yadda kakanki ya yi ta. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ba wanda zai tafa miki. Yaran jam'iyya za su ji an cire sunan ubangidansu a gaban gawarsa, kuma kin san ba su da hankali, garin Sokode kuwa a hargitse yake, ko jiya an ce an ƙona tayoyi a hanyar unguwar Koma. Abokanki su kuma za su ce kin yi wa azzalumi waƙa, wataƙila waɗansu su daina gaishe ki. Na juya abin nan a raina har kaina ya yi ciwo. Wace irin uwa ce take tura 'yarta tsakiyar wannan? Tsoro nake ji, Saratu, ina faɗa miki a fili. Ke kaɗai ce mace gare ni.

Shi ya sa ba zan tura ki ke kaɗai ba. Na yi magana da direban da ke kai wa Hajiya albasa, shi zai kawo miki wannan takarda, kuma a zuwansa na gaba da ni zai zo. Na bar wa Bulus rumfata ta kasuwa. Ki ce wa Hajiya ta ƙara tabarma. Baiti na uku ba ki san shi ba, ba wanda ya san shi yanzu sai ni, don matan animasiyo ba su taɓa kaiwa can ba. Zan koya miki a tsakar gida, mu yi ta maimaitawa har harshena ya daina zamewa. Ki kuma ce wa fasto ya ajiye wa wata tsohuwa wuri a cikin mawaƙa, a bayanki daidai. Muryata ta tsufa, ta daɗe a ajiye, amma idan taki ta yi rawa za ki ji ta. Idan kuma jifa aka yi, kin san jikin uwarki, ni za a fara samu.

Idan kika ce ba za ki ja ba, duk da haka ina zuwa, sai in roƙi fasto ya bar ni in ja da kaina. A gaban jama'a na cire sunan Yesu daga waƙar nan, ba zan zauna a Dapaong in ji labari ranar da za a mayar da shi ba.

Ki ci abinci, kada ki ce aiki ya yi yawa. Idan kin ga taro a hanya ki canja hanya. Ubangiji ya rufa miki asiri, ya tsare ki daga hannun mugu da bakin mugu, ya kwantar da ƙasar nan tamu. Ya jiƙan babanki da kakanki. Shi kuma wancan, ga shi ga Allahnsa, ya yi masa yadda ya ga dama cikin jinƙansa. Hannuna ya yi nauyi kafin ya rubuta wannan, amma ya rubuta. Allah ya haɗa fuskokinmu lafiya. Amin.

Ni ce uwarki,
Rifkatu
Zangon Dapaong